Kumburin babbar jijiyar ciki a jikin dattijo: lamarin Albert Einstein, 1948 zuwa 1955

A watan Disamba na 1948 aka kwantar da Albert Einstein, shahararren masanin kimiyya, a asibitin Yahudawa na Brooklyn, a birnin New York. Shekarunsa 69. Ya daɗe yana fama da wani ciwon ciki mai zuwa ya tafi: ya murɗe shi kwana biyu ko uku, sau da yawa har da amai, sannan ya lafa na 'yan watanni ya sake dawowa. Da likitoci suka lallatsa cikin sai suka ji ƙullutu. A wancan zamani babu na'urar sikanin, babu hoton da zai nuna abin da ke kwance bayan hanji. In ana son sanin gaskiya, sai a buɗe ciki a duba da ido.

Wanda ya riƙe wuƙar ranar shi ne Rudolph Nissen, ƙwararren likitan fiɗa da ya yi aiki a ƙarƙashin Ferdinand Sauerbruch a asibitin Charité na Berlin. Shi ma, kamar majinyacinsa, hawan 'yan Nazi mulki a 1933 ne ya raba shi da Jamus. Ya yi shekaru yana koyarwa a Istanbul, daga can ya wuce Amurka a 1939. Da ya buɗe cikin Einstein bai tarar da ciwon daji ba. Abin da ya tarar shi ne babbar jijiyar jini ta ciki ta kumbura, ta kai girman garehul (wani babban lemo), tana bugawa tare da bugun zuciya.

Wace jijiya ce, kuma me ya same ta

Jijiyar da ake magana a kai ita ce awota, uwar jijiyoyin da ke ɗaukar jini daga zuciya. Tana tashi daga zuciya ta lanƙwasa, ta gangaro ta ƙirji, ta ratsa cikin ciki tana jingine da ƙashin baya. A hanya tana ba hanta da hanji da ƙoda rassansu, sannan daidai wajen cibiya ta rabu biyu, kowane reshe ya nufi ƙafa guda. A jikin babban mutum faɗinta a ciki kimanin santimita 2 ne. In ta kai santimita 3, likitoci sun ce ta kumbura. Galibin kumburin yana fitowa ne a ƙasan inda jijiyoyin ƙoda suka fita, a wannan guntun da ke tsakaninsu da mararrabar ƙafafu.

Bangon jijiyar yana da zaruruwa masu miƙewa su dawo, su ne ke shanye bugun zuciya kullum. Jiki ba ya sabunta su yadda ya kamata bayan an girma, don haka shekaru na cin su a hankali, hayaƙin taba kuma yana hanzarta lalacewarsu fiye da komai. Wanda ya taɓa ganin tsohon tiyub ɗin keke ya yi ƙulu a gefe guda in an ɗura masa iska ya ga hoton abin: inda ya riga ya faɗaɗa, nan ne ƙarfin iskar ya fi ja, nan ne kuma zai ƙara faɗaɗa. Shi ya sa ƙaramin kumburi yake tafiya a sannu, 'yan milimita a shekara, babba kuma yake ƙara sauri, haɗarin fashewarsa na hawa tare da faɗinsa.

Einstein ya tara kusan duk abubuwan da ke jawo cutar. Namiji ne, ya haura 65, Bature ne, kuma mashayin lofe ne na gani kashe ni, wanda likitocinsa suka sha fama da shi a kan ya bari. Abu guda ya bambanta shi da yawancin masu ita: shi yana jin ciwo. Akasari cutar ba ta magana. Mutum na cin abincinsa, yana zuwa kasuwa, yana wasa da jikoki, har ranar da za ta tsage.

Abin da Nissen yake da shi a hannu

Ya kamata a tsaya a dubi halin da likitan ya samu kansa, domin daga nesa abin da ya yi zai iya zama kamar wasa. A 1948 babu wanda ya taɓa yanke kumburin awotar ciki ya maye gurbinta da wani abu majinyaci ya rayu. Manyan hanyoyin da aka sani uku ne. Ta farko, a ɗaure jijiyar a saman kumburin, a bar jini ya nemi ƙananan hanyoyi zuwa ƙafafu. Astley Cooper ya gwada haka a Landan a 1817, mutumin bai cika kwana biyu ba. Sai a 1923 Rudolph Matas ya yi nasara da ita a New Orleans, kuma ko bayansa waɗanda suka tsira ƙalilan ne. Ta biyu, a cusa siririyar waya mai tsawo cikin kumburin domin jini ya daskare a kanta. Ta uku, a naɗe kumburin daga waje da selofen, wata leda mai shara-shara da aka lura tana fusata naman jiki, ta sa shi ya yi tabo mai kauri a duk inda ta taɓa.

Nissen ya ɗauki ta uku. Ya shimfiɗa ledar a kan gaban kumburin da gefunansa, iya inda hannu zai kai lafiya. Bai zagaya bayansa ba, domin can jijiyar a manne take da ƙashin baya, ga ƙananan rassa masu fita zuwa gadon baya, ga babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya a kwance kusa da ita. Kuskure kaɗan a wurin, jini zai ɓalle a kan tebur. Ya rufe ciki. Bayan 'yan makonni aka sallami Einstein, ya tafi Florida ya huta, ya koma gidansa a titin Mercer da ke Princeton ya ci gaba da lissafinsa.

Shin ledar ta yi aiki? Daga baya likitoci sun yi watsi da wannan hanya gaba ɗaya, saboda an ga kumburin da aka naɗe yana ci gaba da girma, yana kuma fashewa. Amma kumburi mai girman wanda Nissen ya gani ba kasafai yake barin mai shi ya yi shekara biyu ko uku ba, Einstein kuwa ya yi shekara shida da wata huɗu. A ganina adalci shi ne a ce tabon ya ƙarfafa gaban jijiyar ya jinkirta abin, ko da bai hana shi ba. A cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta wasiyyarsa a watan Maris na 1950, ya yi jinyar ƙanwarsa Maja har ta rasu a 1951, aka yi masa tayin shugabancin Isra'ila a 1952 ya ƙi, ya kuma sa hannu ranar 11 ga Afrilu 1955 a kan takardar da masanin falsafa Bertrand Russell ya shirya ta gargaɗin duniya game da makaman nukiliya. Shekara shida ga mai shekara 69 ba ƙaramin abu ba ne, kuma tiyatar da ta ba shi su ba ta kwantar da shi ba, ba ta taɓa hankalinsa ba.

Shekarun da ilimin ya yi tsalle

Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci nazari shi ne, a daidai waɗannan shekaru shida aka haifi tiyatar da ake yi har yau. Ranar 29 ga Maris 1951, a birnin Faris, Charles Dubost ya yanke kumburin awota daga cikin wani mutum mai shekara 50, ya ɗinka masa guntun jijiyar da aka ciro daga gawar wata matashiya aka adana makonni uku. Mutumin ya rayu shekara takwas, kuma ciwon zuciya ne ya yi ajalinsa. A 1952 Arthur Voorhees a New York ya nuna cewa bututun da aka ɗinka da yadin roba zai iya zama jijiya. A Houston, Michael DeBakey da Denton Cooley suka shiga yin aikin a jere, DeBakey kuma ya koma ga yadin Dacron, wanda farkonsa da keken ɗinkin matarsa ya ɗinka. A 1953 Henry Bahnson a asibitin Johns Hopkins ya ceci mutumin da kumburinsa ya riga ya fashe, karo na farko ke nan.

Wato tun daga 1953 akwai ƙofa a buɗe: a yi wa Einstein aikin a tsanake, yana da ƙarfinsa, an tanadi jini, an zaɓi rana. Bai koma teburin tiyata ba a waɗannan shekaru. In aka yi la'akari da cewa aikin sabo ne fil, mace-macen da ke cikinsa suna da yawa, shi kuma ya haura 73, ga tabon leda da ya manne komai da komai a cikinsa, ba abin mamaki ba ne. Amma a nan ne darasin likitanci na farko yake. Lokacin da tiyatar wannan cuta ta fi amfani shi ne lokacin da majinyaci yake jin kansa garau, kuma wannan ne lokacin da ya fi wuya a shawo kan dattijo ya yarda a buɗe masa ciki.

Kwana biyar na Afrilu

Ranar Laraba 13 ga Afrilu 1955 ciwon ya kayar da shi a gida. Sakatariyarsa Helen Dukas ta kira likitoci. Zafin ya taru ne a saman cikinsa ta hannun dama, inda matsarmama take, har aka yi tunanin ko ita ce ta kumbura. Amma waɗanda suka san abin da Nissen ya gani sun gane jijiyar ce ta fara yoyo. Ya so ya zauna a gida, aka yi masa allurar kashe zafi. Ranar Juma'a 15 ga wata, da jiki ya tsananta, ya yarda aka kai shi asibitin Princeton.

Mai karatu zai iya tambaya: yaya jijiya mafi girma a jiki za ta tsage mutum ya yi kwana biyar? Amsar tana ga inda ta tsage. In ta fashe ta gaba, jini ya zuba cikin sararin ciki, mutum ba ya ko kaiwa asibiti. In ta tsage ta baya ko ta gefe, jinin yana taruwa a bayan tantanin da ya lulluɓe hanji, wuri ne matsattse, sai naman wurin ya danne shi, ƙarfin bugun jinin ya sauka, gudan jini ya toshe ramin na ɗan lokaci. Wannan ɗan lokaci, sa'o'i ne ko kwanaki, shi ne duk abin da likitan fiɗa yake da shi.

Aka kira Frank Glenn, shugaban sashen tiyata na asibitin New York. Ya duba shi, ya ba da shawarar a yi aiki: a yanke kumburin a sa jijiyar gawa a madadinsa. Einstein ya ƙi. Maganar da aka ruwaito ya faɗa ta shahara: “Ina so in tafi lokacin da na so. Jan rai da dabara ba shi da kyan gani. Na yi nawa, lokacin tafiya ya yi, kuma zan tafi cikin mutunci.” Ɗansa Hans Albert ya taso daga California. 'Yar matarsa Margot tana kwance a asibitin ita ma, aka turo ta ta gan shi. Ranar Lahadi ya ɗan ji sauƙi, ya sa aka kawo masa tabarau da takardun lissafinsa da daftarin jawabin da yake shiryawa na cikar Isra'ila shekara bakwai. Da misalin ƙarfe ɗaya da kwata na daren Litinin 18 ga Afrilu ya cika, yana da shekara 76.

Thomas Harvey, likitan da ya binciki gawar, ya tarar da jini mai yawa ya taru a bayan tantanin ciki, ya malalo har kewayen matsarmama, ita kuwa matsarmamar lafiyarta ƙalau. Daga nan wasu likitoci suka riƙa kiran wannan yanayi, fashewar kumburi mai kama da ciwon matsarmama, da sunan Einstein. Abin lura ne ga kowane ma'aikacin lafiya, domin har yau rikita wannan cuta da wata yana cin rayuka. An fi ɗaukarta a matsayin tsakuwar ƙoda, ko ciwon baya, ko ulsa. Dattijon da ya zo da ciwon ciki ko na baya na farat ɗaya, yana gumi, ya suma ko jiri na ɗibarsa, a fara tunanin awota kafin a tura shi gida da maganin ciwon jiki.

Ya yi daidai da ya ƙi?

In aka auna da ilimin 1955, ƙin da ya yi ba wauta ba ce, ba kuma fid da rai ba ne. Waɗanda aka taɓa ceta bayan fashewa a duk duniya ba su da yawa a lokacin. A jerin farko da Cooley da DeBakey suka bayar a 1954, kusan rabin waɗanda aka yi wa aikin ne suka tashi, kuma wannan a hannun waɗanda suka fi kowa iyawa. Einstein yana da 76, ya yi kwanaki yana zubar jini a ciki, ga tabon selofen da zai sa isa ga wuyan jijiyar ya zama jan aiki. Ba a riga an kafa sassan kulawa ta musamman irin na yau ba. Gaba kura, baya sayaki. Abin da Glenn ya miƙa masa ƙaramar dama ce, a kan farashin yiwuwar ya mutu a ƙarƙashin allurar barci ba tare da ya yi sallama da kowa ba. Ya auna, ya zaɓi kwanakin da suka rage da hankalinsa a jikinsa.

Musulmin da ya ji “in tafi lokacin da na so” zai ji kalmar ta yi masa nauyi, kuma da gaskiyarsa, domin ba wanda ke zaɓar sa'arsa. Amma aikin da mutumin ya yi, wato ƙin wata tiyata mai haɗari wadda nasararta ba ta da tabbas, abu ne da malaman fiƙihu suka daɗe da bambanta shi da kashe kai. Bai nemi a gaggauta masa komai ba. Abin da ya fi burge ni a lamarin shi ne yadda waɗanda ke kewaye da shi suka yi: an gaya masa gaskiyar abin da ke cikinsa, an gaya masa abin da za a iya yi, an nemi shawo kansa, da ya tsaya a kan bakansa aka bar shi, aka ci gaba da rage masa zafi.

Akwai wani lamari da ke hana mutum saurin yanke hukunci, kuma na DeBakey ne da kansa. A ƙarshen 2005, yana da shekara 97, bangon awotarsa ya tsage a ƙirji, cuta 'yar uwar wannan, wadda shi ne ya tsara yadda ake gyara ta. Da farko ya ƙi tiyata. Da jikinsa ya rikice har ba ya iya magana, iyalinsa da abokan aikinsa suka matsa, kwamitin ɗa'a na asibitin ya zauna, aka yi aikin a watan Fabrairun 2006. Ya sha doguwar jinya, ya tashi, ya koma ofis, ya ce ya gode da aka yi, ya rayu har Yulin 2008. Mutum biyu, dukansu tsofaffi, dukansu sun ce a'a, aka bi ɗaya aka saɓa wa ɗaya. Abin da nake ɗauka daga haɗa su shi ne shekaru kaɗai ba sa yanke maganar, kuma “a'a” da aka faɗa a tsanake bayan shekara shida ana zaune da sanin cutar ta fi nauyi a kan wadda aka faɗa cikin makonnin farko na firgici.

Da yau ne

Mutum mai shekara 69 da kumburi irin wannan a yau ba sai an buɗe cikinsa za a gani ba. Sikanin na 'yan mintoci, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, zai nuna shi ya auna faɗinsa. A Ingila ana gayyatar kowane namiji a shekarar da zai cika 65 ya zo a duba, bayan wani babban bincike da aka buga a 2002 a kan maza kusan 68,000 ya nuna dubawar tana rage mutuwa ta wannan cuta da kimanin kashi 40 cikin ɗari. A Amurka shawarar ita ce a duba maza 'yan 65 zuwa 75 da suka taɓa shan taba, sau ɗaya.

Ba duk kumburi ake taɓawa ba, kuma wannan ma sai da aka gwada aka sani. A Birtaniya an raba mutum 1,090 masu shekara 60 zuwa 76, masu kumburin santimita 4 zuwa 5.5, gida biyu: wasu aka yi musu tiyata nan take, wasu aka riƙa auna su. Sakamakon da ya fito a 1998 ya nuna gaggawar ba ta ƙara musu kwana ba. Tiyatar ta kashe kusan 6 cikin ɗari a wata na farko, alhali fashewa a wurin waɗanda ake sa wa ido ba ta wuce kimanin 1 cikin ɗari a shekara ba. Daga nan aka tsayar da santimita 5.5 a matsayin iyaka ga maza, 5 ga mata, sai fa in kumburin yana ciwo ko yana girma fiye da santimita 1 a shekara. Na Einstein ya wuce iyakar nesa ba kusa ba, ga ciwo, don haka yau ba za a jira ba.

Hanyoyi biyu za a ajiye masa. Ta farko ita ce buɗe ciki, jikar aikin Dubost. Ana tsaga daga ƙasan ƙirji zuwa mara, a kawar da hanji gefe, a ba da maganin hana jini daskarewa, a matse awota da ƙarfen matsi a ƙasan jijiyoyin ƙoda, a matse rassan ƙafafu. Sai a tsaga buhun kumburin a tsaye, a kwashe tsohon gudan jinin da ya yi shekaru yana taruwa a bangonsa, a ɗinke bakunan ƙananan rassan baya da ke tsiyayo jini, a ɗinka bututun Dacron sama da ƙasa, a mayar da bangon tsohon buhun a lulluɓe shi. Ba a ƙara yanke kumburin a fitar kamar da, tun da Oscar Creech ya yaɗa wannan salo a 1966. Wurare biyu ne zuciyar tsoho ke shan wuya: lokacin da aka matse jijiyar, zuciya ta samu kanta tana tura jini a rufaffiyar hanya, da lokacin da aka saki, jini ya kwarara ƙafafu, awon jini ya faɗi. Shi ya sa likita ke sassauta ƙarfen kaɗan kaɗan yana kallon mai ba da allurar barci. Bayan aiki, mako guda ko fiye a asibiti, wata biyu zuwa uku kafin ƙarfi ya dawo. Wasu tsofaffin ba ya dawo musu duka.

Ta biyu ita ce wadda Juan Parodi ya fara yi a Buenos Aires ta Ajantina a 1990, a kan wani dattijo da huhunsa ba zai ɗauki babbar tiyata ba. Ana shiga ta jijiyoyin matsematsi, a tura naɗaɗɗen bututun yadi mai ragar ƙarfe har cikin awota ana kallo ta na'urar hoto, a buɗe shi ya kama sama da ƙasan kumburin, jini ya bi ta cikinsa. Likitoci na kiranta EVAR. Kwana biyu ko uku mutum ya koma gida. A babban gwajin da aka yi a Birtaniya, wanda aka fara ba da sakamakonsa a 2004, mutuwa a wata na farko 1.7 cikin ɗari ce da wannan hanya, 4.7 da buɗe ciki. Sai dai da aka bi mutanen shekara 15, ribar farko ta zube. Bututun na iya zamewa, jini na iya sulalewa ta gefensa ya ci gaba da cika buhun, don haka sai an riƙa ɗaukar hoto har ƙarshen rai, wani lokaci a sake shiga a gyara. Kuma ba kowace jijiya ke karɓarsa ba: ana bukatar lafiyayyen wuya na kimanin santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a ƙasan jijiyoyin ƙoda inda zai kama.

Ga ɗan shekara 80 mai ɗan ƙarfi, wannan ciniki ne mai kyau, domin matsalar da za ta zo bayan shekara goma ba ita ce damuwarsa ta farko ba. Ga ɗan 65 mai lafiyar zuciya, buɗe ciki sau ɗaya a huta na iya fi. Akwai kuma kashi na uku, wanda ba a cika son maganarsa ba. A gwaji na biyu da aka yi tare da wancan, an ɗauki waɗanda zuciya ko huhu ko ƙoda suka yi wa rauni har ba za su jure buɗe ciki ba, aka sa wa rabinsu bututun, aka bar rabi. Bututun ya rage mutuwa ta fashewa a ƙarshe, amma jimillar kwanansu ba ta ƙaru ba, saboda sauran cututtukan ne suka riga kumburin. Ke nan har a zamanin na'ura, akwai dattijon da barin sa shi ne magani, kuma likitan kirki zai faɗa masa haka. Abin da ake aunawa shi ne ko yana hawa bene ba tare da ya tsaya ba, ko yana wanka da kansa, yaya ƙodarsa, yaya tunaninsa, sannan me shi kansa yake so ya yi da shekarun da suka rage.

In kuwa an bari ta fashe, har yanzu lissafin mai ɗaci ne. Kimanin takwas cikin goma ba sa tsira in aka haɗa da waɗanda ba su kai asibiti ba. A gwajin da aka buga a 2014 kan waɗanda suka isa asibiti da rai, fiye da kashi ɗaya cikin uku sun mutu a wata na farko, ko ta wace hanya aka bi. A kwatanta wannan da 2 zuwa 5 cikin ɗari na aikin da aka shirya.

Abin da ya shafe mu

Cutar ta fi yawa a Turawa fiye da baƙar fata, amma ba ta tsallake mu ba, kuma masu shan taba da masu hawan jini da ke kaiwa shekara 70 suna ƙaruwa a garuruwanmu. Na'urar sikanin ta kai har ƙananan asibitoci. Roƙon mai dubawa ya auna faɗin awota a cikin dattijon da ya daɗe yana shan taba ba ya ƙara minti biyar. Wanda aka samu da ƙaramin kumburi, abin da aka tabbatar yana rage saurin girmansa shi ne barin taba, tare da kula da hawan jini da komawa awo a kan kari.

Inda na fi jin lamarin Einstein yana taɓa mu shi ne wajen wa ake gaya wa. A gidajenmu, in likita ya ga abu mai nauyi a jikin tsoho, sai ya ja babban ɗa gefe. 'Ya'ya su yi shawara a baranda, a buga wa na Abuja da na Legas waya, a yanke, sannan a shigo a ce, “Baba, ba komai, likita ya ce ɗan aiki ne kaɗan za a yi.” Ƙauna ce ke sa haka, ba na musu. Amma wannan cuta tana bukatar amsar da shi kaɗai zai iya bayarwa: zai ɗauki haɗarin mutuwa a wannan wata domin ya sayi shekarun gaba, ko zai zauna da abin a cikinsa? Kuma in ta tsage da tsakar dare, a ruga da shi tiyata ko a bar shi a tsakiyar iyalinsa? Dattijon da ya aurar da 'ya'ya, ya raba gado, ya binne iyayensa da abokansa, zai iya jin wannan tambaya. Lokacin yin ta shi ne ranar da aka ga hoton, yana zaune da ƙafafunsa, ana shan shayi.

Akwai kuma wanda likitan yau ba zai bari ya fita daga ɗakin ba tare da ya yi masa magana ba, shi ne Hans Albert, wanda yake da shekara 50 a lokacin. Cutar tana bin jini. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi ta, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane aƙalla sau biyu, 'yan'uwa maza kuma su ne kan gaba. Don haka duk gidan da aka samu mai ita, ko aka rasa wani da ita, ƙannensa da 'ya'yansa da suka manyanta su je a auna tasu jijiyar, musamman masu shan taba a cikinsu.